Gonar da Kowace Bishiya Take da Suna

Duk garin Mwika babu wanda bai san gonar Mzee, wato dattijo, Eliakunda Temba ba, kuma da wuya mutum ya bi ta bakinta bai rage tafiya ba. Kore ce shar, koren da har yake neman komawa baƙi, ganyen gahawar faffaɗa yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Baƙin da ke zuwa hawan dutse sukan tsaya su ɗauki hoto. Mu 'yan gari kuwa mun san abin da ke ƙarƙashin ganyen nan, wato sanyi da yanar gizo da dodon-koɗi. In lokacin tsinka ya zo, matan maƙwabta na ta jigilar jajayen 'ya'yan gahawa zuwa injin ɓarza, Mama Elisante, matar Mzee, wadda ake kira da sunan ɗansu na fari, sai ta kutsa da kwando tun safe, ta fito da rana tsaka jiƙe da raɓa, abin da ta samo ko gindin kwandon bai rufe ba.

Kada wani ya ɗora wa ƙasa laifi, ƙasar dutsen nan ko sanda ka kafa sai ta yi tsiro. Kuma Eliakunda ba rago ba ne. Ciwonsa ɗaya ne tun yana yaro: bai iya kaɗan ba. In ya zuba wa baƙo mtori, romon ayaba da nama, sai kwano ya cika ya malala, baƙo na cewa ya isa, shi yana jin a ƙaro. Saniyarsa da ke ɗaure a garke ta yi ƙibar da sai an rarrashe ta take tashi. Ƙuruciyarsa kaf ya yi ta ne yana dafa wa yaran wata makarantar kwana abinci a Moshi, kuma har yau akwai manyan mutane masu tumbi da in sun gan shi a kasuwa sukan rungume shi, su ce shi ya aza musu harsashi. Ranar da ya bar aiki bai nemi komai ba sai ludayinsa, wani ƙaton ludayin ƙarfe mai dogon hannu. Da shi ya hau mota ya dawo gida.

Gidan nasa ne, domin shi ne autan ubansa, kuma a wajenmu auta ke zama a tsohon gida, ya riƙe gonar da ta kewaye shi, ya share kaburburan da ke cikin ayaba. Yayyensa an yanka musu nasu can gangare. Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne, in ka tsaya a wannan iyaka za ka yi hira da wanda ke waccan ba tare da ka ɗaga murya ba.

Ubansa yana da wata ɗabi'a tasa ta kansa: duk ɗan da aka haifa masa sai ya dasa gahawa guda ya kira ta da sunansa. Iya 'ya'yansa, iya bishiyoyin, magana ta ƙare. Sauran gonar layi-layi take, da tazara mai kyau. Da abin ya zo hannun Eliakunda sai ya wangale masa ƙofa. Ya dasa wa 'ya'yansa, ya dasa wa jikoki, wannan babu mai ce masa don me. Daga nan ya dasa wa fasto. Ya dasa wa Mankya ungozoma. Ya dasa wa surukai da surukan surukai, ya dasa wa direban da ya dawo masa da hular da ya manta a mota, har da wani likita da ya cire masa haƙori bai ji zafi ba. Fili kuwa ba ya ƙaruwa. Sai ya riƙa cusa sabuwa tsakanin tsofaffi, ya sake cusa wata tsakanin sabuwar da tsohuwar, har ta kai in za ka ratsa gonar sai ka bi a kaikaice kana ba mutane haƙuri. Shi haka yake yi da gaske. Za ka ji shi da safe a ciki: "Gafara dai, Fasto. Mankya, matsa mini mana, kin tare hanya."

Sai kuma taki. Da takin zamani ya shigo, farin nan mai kama da sukari da ake kira yuriya, aka ce yana sa shuka ta yi kore, ai Eliakunda ya samu abin da yake nema. Ruwan damina na sauka zai saɓo buhu, ya ɗauko ludayi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tula wa kowa a gindi. Wanda yake ƙauna ludayi biyu. To wa ne ne ba ya ƙauna? Bishiyoyi suka yi ta zuba ganye, suna miƙa wuya sama neman rana, ga ayaba ta yi musu rumfa, furen da za a gani sai an ɗaga ganye an leƙa.

Wanda ya fi kowa yaba wannan aiki shi ne Mzee Shayo, abokinsa tun suna kiwon awaki, wanda gonarsa ke daidai ƙarƙashin ta Eliakunda a gangaren. Da ya hango buhu sai ya leƙo ta kan shinge yana kiransa Mangi, wato sarki, sunan da suke kiran juna da shi.

"Mangi, ƙara musu! Kada ka yi rowa, ba halinka ba ne."

"Ka gani ko? Mama Elisante cewa take ya yi yawa."

"Rabu da ita. Dubi ganye! Ƙara wa ta gefen nan, ta kusa da ni, na ga kamar ta rame."

A cikin 'ya'yan Eliakunda, Ndekirwa ne auta, kuma shi ne bai ɗauko halin uban ba ko kaɗan. Mai auna magana ne, mai auna sukari a shayi. Bakwaini aka haife shi, cikin sanyin watan Yuni, ɗan mitsitsi, har Mankya ta ce a yi ta addu'a. Eliakunda ya tsorata ƙwarai. Da ya je dasa masa gahawarsa bai yarda ya kai ta nesa ba, sai ya haƙa rami a jikin tasa bishiyar, wadda ubansa ya dasa masa ranar da aka haife shi, don kada iska ta taɓa ta. Yaron ya rayu, ya girma, ya fi uban tsawo.

Da Ndekirwa ya zama saurayi ya je ya koyo aikin gahawa, ya dawo da sabuwar adda da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli kusan mita uku. Ya ce a ja igiya, duk bishiyar da ba ta faɗa kan ƙulli ba a cire ta, a rage ayaba, a ajiye ludayi.

Eliakunda ya dube shi sama da ƙasa. "To madalla. Da wa za ka fara? Da fasto? Ko da matar da ta karɓe ka ranar da kake kamar ɗan ɓera?"

"Baba, itace ne fa."

"Itace ne a wajenka. Ni in na haɗu da mutum a coci in ce masa me? Sannu, jiya na sare ka?"

Aka yi ta yi har murya ta hau. Ndekirwa bai iya doguwar gardama ba. Ya rataye igiyarsa a ƙusa bayan ƙofar kicin, ya tafi ya kama aiki a wata babbar gonar gahawa can bayan Arusha, har ya zama mai kula da ma'aikata. Ba su yi gaba ba. Duk Disamba yana zuwa kamar kowa, lokacin da motoci ke cika hanya 'ya'yan dutse na dawowa gida a gan su, a yanka akuya, a sha mbege, giyarmu ta ayaba. Yakan ci, ya yi dariya, ya je ya gaida kaburbura. Amma ƙafarsa ba ta sake shiga cikin gahawar ba. Uban ya lura, ya yi kamar bai lura ba.

Wata Disamba, bayan Ndekirwa ya auri Upendo, 'yar mutanen Mbozi can kudu, ya zo da magana. Bai faɗa wa uban ba, uwar ya faɗa wa a kicin. Ita kuma ta jira baƙi suka watse, ta sami mijin a ƙofar garken saniya.

"Baban Elisante, ajiye ciyawar nan ka saurare ni. Baban Upendo ya ba yaron fili a Mbozi. Fili sosai, ba irin namu ba. Ya ce Disamba mai zuwa zai zo ya yi sallama, daga nan su wuce."

"Ya wuce ina? Auta ne fa! Gidan nan nasa ne."

"Ya ce gidan yana so, amma ba zai ciyar da mata da ɗa da ganye ba. Upendo na da ciki."

"To wa zai zauna a nan? Wa zai share wa Baba kabari? Mu wa zai..." Bai ƙarasa ba.

"Ka tambayi fasto da direba," in ji ta, "tunda su ka ba gonar."

Maganar ta soke shi. Yayyen Ndekirwa duk sun kafa gidajensu a Dar es Salaam da Mwanza, babu mai dawowa, kuma gidan da auta ya bari ciyawa ce ke gadonsa. Eliakunda ya kasa cin abinci, abin da ba a taɓa gani ba. Washegari, kafin yaron ya kama hanya, ya tare shi a bakin ƙoramar ban-ruwa da ta bi gefen gonar. Bai roƙe shi ba, girman kai bai bari ba. Cewa ya yi, kamar mai hira: "Wai ni kam, me ya sa ba sa haihuwa? Ban taɓa barin ɗaya da yunwa ba."

Ndekirwa ya amsa a hankali. Ya ce farin takin nan abincin ganye ne. Gahawa na bukatarsa, amma in ya yi yawa sai ta manta da fure ta yi ta ganye, ganyen ya tare rana, iska ta kasa ratsawa, cuta ta samu wurin zama, ɗan abin da ya fito ya yi baƙi ya zube. Saiwoyi kuma sun sarƙe a ƙasa suna ta ƙwace. Ya ce tula shi a gindi ma ƙona ɓawo yake yi, saiwoyin da ke sha suna can daidai inda ganye ke ɗigar da ruwa.

"Kuma rabin abin da kake zubawa ba su ke ci ba, Baba. Ruwan farko ke wanke shi ya gangara."

"Ya gangara ina?"

Ndekirwa ya nuna da haɓa. Can ƙasa ayabar Shayo na tsaye, kowace ta yi nauyin da sai an tokare ta da itace don kada ta faɗi.

Motar na tashi Eliakunda ya zarce gidan Shayo, ko hula bai sa ba.

"Kai ɓarawo! Shekara da shekaru ashe ayabarka nake ciyarwa?"

Shayo na zaune da ƙwaryar mbege, ko gezau bai yi ba. "Mangi, ka taɓa ganin ƙafata a gonarka? Ruwa ne ya kawo. In Allah ya turo wa mutum abu har gida sai ya kore shi?"

"Ƙara musu, ƙara musu! Tsohon banza kawai!"

"Zauna ka sha. Kai ma ka ci ayabar nan, da bakinka ka ce ba ka taɓa cin mai daɗinta ba."

Ya zauna ɗin, ya sha, don fushinsa bai taɓa wuce ƙwarya ɗaya ba. Da ya faɗa masa zancen Mbozi sai Shayo ya daina dariya. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Tsinko isale ka miƙa masa. Ya isa ya ƙi?"

Isale ce shukar da muke kafawa a kan iyaka da kan kabari. In mutum ya tsinko ganyenta ya ƙulle, ya miƙa maka yana neman gafara ko alfarma, ba a mayar masa da hannu. Ko jini ne tsakaninku sai ka sauko. Eliakunda ya yi ta juya maganar a ransa har gida. Ya tsaya gaban shingen isale ya daɗe. Sannan ya wuce kicin, ya ciro igiyar nan daga ƙusa, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi.

Da shi da Mama Elisante suka ja ta, layi bayan layi, suna bin tsohon tsarin ubansa da har yanzu ake gane shi. Duk wadda ta faɗa waje sai matar ta ɗaura mata busasshen ɓawon ayaba. Kafin rana ta take gonar ta cika da ɗauri, fiye da rabi, Eliakunda na bi yana kiran sunaye kamar mai sanar da rasuwa. Abin mamaki, can ƙarshe kusa da ƙorama, ƙulli ɗaya ya faɗa a fili, inda aka taɓa cire wani kututturen ayaba. Nan take idonsa ya yi haske.

"Ga wuri! Dama akwai mutumin nan mai gyaran rediyo..."

"In ka dasa ko tsinke a nan," in ji Mama Elisante, "ni ma Mbozi za ni."

Ya ce ya ji, amma ba zai sa adda a jikin kowa ba sai ya nemi izini. Haka mutanen Mwika suka wayi gari suna ganin Mzee Eliakunda cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, aljihu cike da ganyen isale, yana bi gida-gida. Duk wanda ya ga ya zaro ganye sai gabansa ya faɗi, don ba a fito da isale a kan ƙaramin abu. Fasto har ya rufe ƙofa ya jawo kujera, yana jiran ya ji an kashe mutum. Da ya ji zancen ya yi dariya har da hawaye, ya ce a sare shi, dama ya daɗe yana jin an matse shi.

Mankya ungozoma, wadda tsufa ya rankwafar, ta karɓi ganyen ta ce ta yafe, amma a kawo mata itacenta ta yi sanda. "Na gaji da tsayuwa a gonarka," in ji ta, "yanzu ita ta zo ta riƙe ni." Wasu ba su ma san suna da bishiya ba. Likitan haƙori, da aka same shi a Moshi, ya ɗauka ƙararsa aka kawo. Direban nan kuwa ya daɗe da rasuwa. Matarsa ta riƙe ganyen tana kallo, ta ce ba ta taɓa sanin akwai wanda ke kiran sunan mijinta kowace safiya ba. Ran nan Eliakunda ya dawo gida bai yi wa kowa wasa ba.

Shayo ne kaɗai ya ja rai. Ya karɓi ganyen da yatsa biyu. "Na yafe, tunda babu yadda zan yi. Amma ka sani ka cuce ni sau biyu, ka sare ni, ka kuma yanke wa ayabata abinci. Akuya za ka yanka."

Aka yanka akuyar. Ranar aikin, kafin ruwan Maris ya sauka, masu bishiya suka zo, kowa ya ce shi zai cire kansa da hannunsa. Fasto ya naɗe hannun riga. Ana sara ana tsiya, wannan ya ce wancan ya cika taurin saiwa, dama haka halinsa yake. Ƙananan da za su jure tashi aka haƙe su da ƙasarsu, masu su suka kai gida. Aka rage ayaba. Mama Elisante ta dafa ayaba da naman akuya, mijin ya karɓi rabo da ludayinsa, kuma ranar babu wanda ya ce ya yi yawa. Da yamma hasken rana ya sauka a ƙasan gonar, wurin da rabonsa da shi tun yara suna ƙanana.

Biyu suka rage, kowa ya bi ta gefensu kamar bai gani ba: ta Eliakunda da ta Ndekirwa. Ƙullin igiya ya faɗa tsakaninsu, ɗaya ce za ta zauna. Mama Elisante ba ta ɗaura wa ko ɗaya ɓawo ba.

Da safe Eliakunda ya je shi kaɗai. Yanzu da aka buɗe wurin ya gan su da kyau. Tasa kakkaura, gindinta kamar cinya, ta baza rassa ko'ina. Ta yaron kuwa siririya, ta lanƙwasa ta bi ƙarƙashin wani reshe tana neman hanyar fita, 'yan ganye can a ƙoli. Ya yi ta tunanin ko ta taɓa yin 'ya'ya cikin tafi, bai tuna ba. Kuma kullum ita yake ba ludayi uku. Kunya ta kama shi, ga shi babu mai kallonsa. Ya kare ta daga iska, gaskiya ne, amma har da rana ya kare ta.

Wanda ya dasa tasa ba ya nan balle a kai masa ganye gida. Sai ya tsinko isale ya ƙulle, ya shiga cikin ayaba inda ubansa yake kwance, ya durƙusa ya ajiye a kan kabarin. "Baba, ka yi haƙuri. Kai ka dasa ni daidai, ni ne na tsaya wa yaro a ka." Ya tashi ya ɗauko gatari. Mama Elisante na kicin tana jin saran, ba ta fito ba, ta dai ce hayaƙi ya dame ta ƙwarai a safiyar nan.

Ruwa ya sauka. Mama Elisante ta kulle ludayi a akwati, ta miƙa masa ɗan gwangwanin tumatir. Wannan ya fi masa sara wahala. Ya riƙa zaga kowace bishiya yana barbaɗa takin daidai bakin inuwarta, nesa da gindi, ya rufe da ƙasa da busasshen ganyen ayaba, sauran kuma ya jira sai damina ta yi nisa ya sake ba da wani ɗan kaɗan. Yana yi yana ba su haƙuri: "Ba rowa ba ce, umarni ne."

Shayo na leƙe ta kan shinge. "Wannan ai ko kaza ba za ta ƙoshi ba."

"Je ka sayi naka, Mangi. Shagon bai tashi ba."

A watan Yuli aka aiko cewa Upendo ta sauka, an samu mace, an sa mata Aikande. Hannun Eliakunda ya dinga ƙaiƙayi. Ya sayo dashe mai kyau a cikin leda, ya kai shi har bakin filin nan na ƙorama, ya tsaya, ya yi tsaki, ya dawo da shi ya ajiye a ƙofar ɗaki yana ba shi ruwa. Labarin aikin ya kai Arusha, ba shakka, Mwika ba ta iya riƙe magana ba. Amma Ndekirwa ya ce in an ce ubansa ya sare bishiya, to reshe ɗaya ya karya, kuma ya dasa biyu a madadinsa.

Ruwan ƙarshen shekara ya zo a makare, sai ga fure ya fashe daf da Kirsimeti. Ranar da za su iso Eliakunda ya sa kwat tun safe. Shayo ya zo ya cusa masa ƙullin isale a aljihu. "In ka ga zai kuɓuce, zaro. Kada ka tsaya kunya."

Mota ta sauke su a bakin hanya, Upendo da goyo, Ndekirwa da jaka. Ƙamshi ne ya fara tarbarsu. Ndekirwa ya tsaya cak. Ga layuka, ga sararin sama ta tsakaninsu, ga fari ya kwanta a kan rassa. Ya ajiye jakar nan a tsakiyar hanya, ya tsallake ƙorama, ya shiga gonar da ya yi shekaru bai taka ba. Uban na biye da shi, hannu a aljihu.

Ndekirwa ya ɗaga reshe ya duba. Ya tona ƙasa da yatsa a bakin inuwa.

"Wa ya auna?"

"Igiyarka."

"Taki fa?"

"Gwangwani. Uwarka ta ɗaure ludayi a akwati, ko ziyara ba ta bari in kai masa."

Ndekirwa ya so ya yi dariya. Sai ya kai tsakiyar gona ya ja ya tsaya. Siririyar bishiyar nan tana nan, an ɗaure ta a jikin sanda don ta miƙe, ga 'yan furanni a rassanta, ba su da yawa. Gefenta ƙasa ce a baje, ciyawa ta fara rufewa.

"Baba, ina taka?"

"Ta tsufa."

"Ba ta tsufa ba. Ita ta fi kowace ƙarfi a gonar nan. Tawa ya kamata a cire, ko ɗan koyo ya san haka."

"To ni ba ɗan koyo ba ne. Mai dafa abinci ne."

Ndekirwa ya juya masa baya yana kallon dutse. Yatsun Eliakunda na kan ganyen. Ya san in ya zaro shi magana ta ƙare, yaron zai zauna, babu Mbozi babu dalilinta. Kuma yana so ya zauna ƙwarai. Amma ya ga cewa tsaya masa a ka ne zai sake yi. Ya zaro hannunsa babu komai a ciki.

"Ban yi don in ɗaure ka ba," in ji shi. "An ce Mbozi ƙasa ce mai kyau. In za ka tafi, ka tafi da albarkata. So nake dai ka ga na ji."

Yaron ya ci gaba da bin layi har ƙarshe, kusa da ƙorama, inda ya tarar da wurin nan fayau, an share shi tas.

"Nan fa? Mantawa aka yi?"

"Mantawa?" in ji Mama Elisante daga baya, ta riga ta karɓe jaririyar. "Shekara guda ina gadinsa, ko kasuwa ba na zuwa da kwanciyar hankali."

"Na Aikande ne," in ji Eliakunda. "Dashen na ƙofar ɗaki. Ban dasa ba. Mai gona ke dasawa."

Ndekirwa ya dubi matarsa. Upendo ta gyara ɗankwali. "Kada ka dube ni. Ina kallonka ka cusa takalman gona a jaka, wai zuwa sallama."

Ya cire agogonsa ya miƙa mata. "Baba, ina fartanya?" Ya haƙa ramin daidai inda ƙulli ya nuna, yana yi yana magana ba tare da ya ɗago ba. "Sabon dashe sai an yi shekaru ana lallaɓa shi kafin ya haihu. Ba zan tafi in bar maka shi ka kashe mini da ludayi ba."

Eliakunda ya nufi garke da sauri kamar saurayi, ya dawo da kwando maƙil da takin saniya.

"Rabi, Baba."

Ya zuba rabi. Da yaron ya juya ɗauko dashen, ya ƙara ɗan kaɗan da gefen ƙafa.

Bayan an gama biki Mama Elisante ta ɗauko kwat ɗin za ta wanke, ta sa hannu a aljihu ta ji ganye. Ya bushe, ƙullinsa na nan yadda Shayo ya yi shi. Ta daɗe tana riƙe da shi. Ta taga tana jiyo su cikin gona, uba da ɗa, suna gardamar ko gwangwanin a cika shi ko a shafe bakinsa.